Abin Kunnen Malam Tsirkiya

Dubu ashirin da bakwai nake bin Malam Tsirkiya kafin maganar abin kunnen nan ta taso. Ragowar kuɗin hayar ɗakin baya ne. Ba a ciki yake kwana ba, yana da gidansa can bayan tasha, shi da ƙanwarsa, tun da matarsa ta rasu. Ɗakin nawa na kayan kiɗa ne kawai. Akwai jitarsa mai lantarki, ja, wadda ta koɗe daidai inda hannunsa ke gogawa, sai wani ƙaton akwatin sauti baƙi da yake ce wa Dattijo, wanda sai ƙarti biyu sun kama kafin ya ɗagu.

Ku da kuka daɗe tare da ni kun san halina. Sababbin zuwa kuwa, ni tsohuwa ce mai gidan haya, mijina ya rasu da jimawa, 'ya'yana duk sun girma sun watse. Ban shiga aji ba, amma ba a taɓa cin sisina an kwana lafiya ba. Mai shagon gaba ya sani, mai ɗinki ta sani, har surukaina sun sani.

Mutum ɗaya ne ya gagare ni, shi ne wannan tsohon. Ba hanawa yake ba. Da la'asar zai shigo da farar rigarsa a goge, hula a karkace, ya zauna kan bencin baranda, ya zaro dubu ɗaya ya ajiye a kan tire.

"Uwar gida, a rage."

"An rage. Sauran fa?"

"Sauran na tafe, ƙafa ce ke masa ciwo."

Sai ya sha shayina kofi biyu, da madara, ya yi ta zuba har rana ta faɗi. Kafin bashin ya yi ƙasa, wani watan ya hau kansa. Ni ba yarinya ba ce, 'ya'yana. Na san mutumin da ba shi da kuɗi, na kuma san wanda ba ya son bashi ya ƙare. Kuma gaskiya ɗaya ce, in la'asar ta yi ban ji ƙarar takalminsa a ƙofa ba, shayin ba ya mini daɗi.

Babban ɗana, Babba muke ce masa, shi ne ya fara shinshino zancen. Ma'aikacin banki ne, komai nasa a ƙa'ide. Da yake ya san ba na karanta saƙo, murya yake turo mini. Wata safiya ina tsintar kayan wanki na danna na ji:

"Inna, barka da asuba. Magana ce nake ji ba ta yi mini daɗi ba. An ce mai kiɗan nan kullum yana baranda. Inna, kina da jikoki 'yan jami'a fa. Mutumin da ko haya ba ya iya biya, me kike tsammani yake nema? Don Allah ki duba."

Na saurara sau biyu. Na mayar masa: "Na ji. Ka gaida yara." Na kife wayar.

A ranar ne Malam Tsirkiya ya zo babu dubu ɗayar. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, abin da ban taɓa gani ba. Na zuba shayi bai taɓa ba.

"Wa ya mutu?" na ce.

"Aikina ne ke shure-shure."

Ashe a wani gidan cin abinci mai lambu suke kiɗa duk ƙarshen mako da rana, shi da wasu yara huɗu. Shi ne tsoho a cikinsu, Baba suke ce masa. Maƙwabta suka kai ƙarar hayaniya, mai wurin ya ce ko a rage ko a nemi wasu. Shugaban ƙungiyar ya yanke cewa an daina jera akwatunan sauti a kan dandamali. Kowa zai riƙa jin kansa ta wani ɗan abu da ake cusawa a kunne, igiyarsa ta bi ta baya zuwa wata 'yar akwati a ƙugu. Yaran duk sun sayi nasu. Shi kaɗai ya rage.

"To Dattijo fa?"

"An yi masa ritaya. Shekara da shekaru yana bayana yana ihu, in ban ji shi ba ban san me hannuna ke yi ba. Kunnen hagun nan kuma ya fara ba ni kunya, wani gyare ne a ciki yana kuka ba dare ba rana. Shi ya sa nake ƙure murya. Shugaba ya ce, Baba, ko ka zo da abin kunne ranar Asabar, ko mu gwada wani yaro."

"Nawa ne abin?"

"Akwai na dubu ɗari da hamsin da na gani a kunnen mai ganga..."

Na ajiye kofina. "Na zinari ne?"

"Akwai kuma na ƙasa."

"Ka fara da na ƙasan, bawan Allah."

Ya yi ta murza bakin hula. Na san abin da ya kawo shi, na bar shi ya sha wahalar faɗa. Da ya faɗa na ce, "Zan ranta maka. Amma ni ba na ba da kuɗi a sayo abin da idona bai gani ba. Tare za mu je. Kuma ka ɗauko jitar."

"Jita kuma? Abin kunne fa za mu saya."

"Takalmi ma da ƙafa ake zuwa sayensa."

Washegari na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin azurfa a wuya, na yafa farin mayafi, na ƙulle kuɗi a jakar da nake ratayawa ta ciki. Shi yana gaba da jita a baya kamar goyo, ni ina biye. Layin masu kayan sauti ya cika da ƙara, kowane shago na gasa da na kusa da shi. Muka hau wani bene mai ƙunci, gwiwata tana tsine mini, muka shiga shagon wata mata mai tabarau da ya ce ba ta da ha'inci. Na ce a raina, za mu gani.

Ta ba ni kujera, ta kawo ruwa, sannan ta jera mana kala uku a kan gilashi. Na farko a liƙe yake jikin kwali cikin leda, dubu takwas. Na biyu a 'yar jaka mai zif, fari garai har kana ganin hanjinsa, dubu talatin da takwas. Na uku a akwati mai laushi kamar na sarƙar amarya.

Na nuna na kwalin. "Wannan me ya yi?"

"Mama, wannan na jin waƙa ne a mota. Ba ya toshe kunne. Ganga tana gefen Baba tana dukan kansa, sai ya yi ta ƙara murya don ya ji jitarsa, kunnen ya ƙarasa."

"Na akwatin fa?"

"'Yan sifiku biyar ne a kowane kunne. Dubu ɗari da arba'in."

"Kunnen ɗaya, sifika biyar? Taron siyasa za a yi a ciki?"

Ta yi dariya har tana cire tabarau. Shi kuwa tsohon naku tuni ya ɗauki na akwatin. Ta goge masa robar, ta jona a wayarta, ta sa masa waƙa. Ku zo ku ga ikon Allah. Ido ya lumshe, kai na kaɗawa, ƙafa na buga ƙasa.

"Kai! Ka ji gindin sauti!" ya ce da ƙarfi, don ba ya jin kansa. "Har cikin ƙirji!"

Na ja hannun rigarsa. Ya zare ɗaya.

"Waƙar waye kake ji?"

"Ban sani ba, amma ta yi."

"Ranar Asabar ita za a biya ka ka ji, ko jitarka?"

Mai shago ta ce, "Gaskiyar Mama. Kawo ta mu jona." Ta ɗauko wata 'yar na'ura daga ƙarƙashin tebur, ta soka igiyar jita a gefe ɗaya, abin kunne a ɗaya gefen. Ya zauna kan kwali ya ɗora jitar a cinya. Ni abin da nake ji kawai ƙis-ƙis ɗin tsirkiya, kamar ɓera a cikin langa. Ya kaɗa, ya kaɗa, sai na ga goshinsa ya tattare.

"Ƙasan ya yi yawa," ya ce. "Kamar an lulluɓe ta da bargo. In mai ganga da mai babbar jita suka shigo, ina zan tsinci kaina?"

"Wannan an yi shi ne don masu son dum-dum," in ji ta. "Jita a tsakiya take zaune, ba a ƙasa ba. Gwada farin."

Ya sa farin. Ta nuna masa yadda igiyar ke zagayawa ta saman kunne ta sauka bayan wuya. Ya kaɗa sau ɗaya, ya yamutsa fuska.

"Wannan kuma siriri ne, kamar rediyon mai gadi."

Ni har na fara murna za a koma na dubu takwas. Sai ta zagayo ta leƙa kunnensa. "Bai zauna ba. Iska na shiga." Ta zazzage wata 'yar leda, sai ga robobi ƙanana, da matsakaita, da manya, da wasu na soso. Aka shiga gwaji. Na dama ya karɓi matsakaiciya. Na hagu ya tofar da ita, ya tofar da babba, sai da aka murza 'yar ƙaramar soso aka cusa, aka jira ta kumbura a ciki.

"Baba, kunnuwanka ba ɗaya ba ne," ta ce.

"Dama na daɗe da sanin ɗaya ba ya jin maganar haya," na ce.

Bai ji ni ba. Ya riga ya kaɗa, kuma na ga fuskarsa ta sake. Ya bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya a hankali, ya koma sama, ya dawo. Ya kai hannu ya rage murya, ya sake ragewa. Na zagaya bayansa na ɗauki murfin kwano a kan teburin shagon na buga da cokali. Ko gezau.

Da ya cire ya ce, "Rabon da in ji ta haka tun tana sabuwa. Har inda yatsana ke zamewa ina ji. Ashe kuskure nake yi yaran nan suna rufa mini asiri."

Na juya ga mai shago. "To 'yata, yanzu ni da ke. A jikin abin nan me ke fara mutuwa?"

"Igiya."

"In ta mutu a zubar da shi?"

Ta kama kan abin ta ja, ɓas, ya rabu da igiyar. Ta mayar. "Na kwalin in ta tsinke ya tafi ke nan. Wannan canza ta ake yi."

"Nawa igiyar?"

Nan fa aka zauna. Ta ce farin kansa talatin da takwas ba ragi, na ce ashirin da biyar, shi ma don ina jin kunyar tabaranki. Ta rantse da uwar kuɗi, na tashi na gyara mayafi, ta ce Mama zauna mana. Shi yana gefe yana zufa yana ce mini a bari haka, na ce ka yi shiru, ba kuɗinka ba ne tukuna. Muka tsaya a talatin da uku, da igiyar canji ɗaya, da ƙarin soso ƙanana na kunnen hagu.

Tana ɗaurewa ta ce masa, "Baba, abu ɗaya. Kada ka cire ɗaya ka bar ɗaya a kan aiki. Sai ka ƙure na cikin ba ka sani ba."

A kan bene ya tsaya ya juyo. "Nawa ke nan, uwar gida?"

"Dubu sittin cif."

"Allah ya ba ni tsawon rai."

"Amin, ko don in karɓa."

Asabar ta wuce. Ranar Lahadi da safe sai ga saƙon muryarsa, a sanyaye.

"Uwar gida, aiki dai ya tsira. Shugaba har rungume ni ya yi. Amma ni kamar an jefa ni rijiya an rufe. Ina ganin mutane suna tafi, bakinsu na motsi, ba na jin kowa. Ni kuwa da numfashin jama'a nake kiɗa. Can tsakiya na kasa, na zare ɗaya. Gyaren nan bai bar ni na runtsa ba."

Na danna na ce, "Matar nan da Hausa ta yi maka magana ko da wani yare? Kunnen nan yanzu akwai dubu talatin da uku nawa a ciki. Ka sake zarewa ka gani."

Ya turo dariya, ya ce mai haɗa musu sauti ya yi alkawarin wata dabara. Can ƙarshen saƙon sai ya ce, "Da za ki zo Asabar ki ga kayanki na aiki. Zan sa a ajiye miki tebur a gaba."

Shekarun nan duka ban taɓa ganinsa a bakin aiki ba. Na kwana biyu ina ce wa kaina kaya zan je dubawa. Kuskuren da na yi, na sa mai ɗinki ta rage mini hannun shuɗiyar rigata, ita kuwa bakinta ba ya da ƙofa. Ranar Asabar ina shafa turare sai ga hon. Babba ne, da kwat ɗinsa a ranar hutu.

"Inna, an ce za ki fita. Na ce bari in kai ki."

"An gode. Wa ya ce?"

"Shiga dai, rana na yi."

Lambun yana da kyau, ba laifi. Tebura ƙarƙashin bishiyoyi, fararen kyallaye, yara na guje-guje. Dandamalin ɗan ƙarami ne, fes, babu tarkacen akwatuna. Aka kai mu teburin gaba, dab da wata tukunyar fure. A gefen tukunyar akwai makirfo a kan sanda, ya juya wa dandamali baya yana kallon jama'a, ba kowa a wurinsa. Na ce a raina, yaran nan da sakaci, sun manta kaya a rana.

Suka fara. 'Ya'yana, ashe haka tsohon nan yake. Ya sa baƙar riga mai maɓallai, farar igiyar ta bi bayan kunnensa ta ɓace a wuya, kunnuwa biyu duk a toshe. Kiɗan ba ya fasa kai, kowane abu a wurinsa, jitar tana bi ta tsakiya kamar tana ba da labari. Da aka yi tafi na ga ya ɗago ya yi murmushi, ya ɗan rusuna. Ya hango ni, ya taɓa hularsa.

Babba ya gani. Ya matsar da kujerarsa kusa da tawa, ya rage murya.

"Inna, dubi fa. Sa'an Baba marigayi, yana rawa da kai a gaban yara. An ce har kaya kika saya masa."

"Rance ne."

"Rance! Da me zai biya? Irin waɗannan na san su, kullum suna zuwa wurinmu. Ya ga gida, ya ga haya na shigowa, ya ga tsohuwa ita kaɗai. Yau abin kunne, gobe takardar gida. Inna, ki faɗa mini gaskiya, akwai wata magana tsakaninku? Don in akwai, gara in tara ƙannena."

Na kalli ɗan nan da na goya, yana kallona kamar mai neman rance a ofishinsa. Na hango taron, 'ya'yana huɗu da matansu a falona, ana maganata ina zaune. Kunya ta kama ni, irin wadda na ɗauka na wuce shekarunta. Sai na bi hanya mai sauƙi.

"Wace magana? Ni da mai kiɗa? Kuɗina nake gadi. In na sake shi ya ɓace, wa zai biya ni dubu sittin? Ranar da ya cika mini, ya kwashe tarkacensa."

Babba ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina, ya kira mai kawo abinci.

Na ɗaga ido. Malam Tsirkiya bai yi kuskure ko ɗaya ba, hannunsa na tafiya yadda yake. Murmushin ne babu. Ya sunkuyar da kai yana kallon tsirkiya, bai sake duban teburinmu ba.

Waƙar na ƙarewa sai ga mai haɗa sautin, wani dogo da rigar aiki, ya zo ya rusuna.

"Mama, a yi haƙuri, zan matsar da wannan." Ya kama sandar makirfon.

"Dama na ce an manta shi."

"A'a, na Baba ne. Ya ce ba ya jin jama'a, shi ne na kafa masa wannan, shi kaɗai yake shigar wa kunne. Tafi, dariya, komai na nan gaba. Yanzu ya yi mini alama in kai shi can gefe, wai hira ta yi yawa."

Ya ɗauke ya tafi. Ni da Babba muka kalli ramin da sandar ta bari a ciyawa. Babba ya gyara kwat, ya ce, "To, ai gara da ya ji." Ni ruwan da ke gabana ma na kasa ɗauka. Abin da na zaɓa da hannuna, na yi ciniki, na tabbatar ba ya barin iska ta shiga, shi ya kai masa maganata har cikin kai, tas, babu abin da ya zube.

La'asar ta yi ta zuwa tana wucewa, benci ba kowa. Na tura masa gaisuwa, alamar ta nuna ya saurara, bai mayar ba. Na sake ɗaukar wayar na danna, na riƙe, na tura masa shiru da kukan kaji. Mai ɗinki ta leƙo ta ce ko ba ni da lafiya, na ce ta fara kawo kuɗin wuta sannan ta tambayi lafiyata.

Ranar Alhamis da hantsi na ji mota ta tsaya. Na leƙa ta labule. 'Yar motar ɗaukar kaya ce, ƙarti biyu sun fito da Dattijo daga ɗakin baya suna nishi, wani mai gyaran rediyo na unguwarsu yana nuna musu inda za su ɗora. Sai ga Malam Tsirkiya ya shigo baranda, hula a miƙe. Bai zauna ba. Ya ajiye ambulan a kan tire.

"Hajiya, ga saƙonki."

Hajiya. Tunda nake da shi bai taɓa kira na haka ba.

Hannuna da ya saba, shi ya buɗe ya ƙirga tun kafin in ba shi izini. Dubu sittin, ba ƙari ba ragi.

"Ina ka samu?"

"Na sayar da Dattijo. Ba shi da aiki yanzu. Jitar zan ɗauka anjima, ga makulli."

"Zauna."

"Mota na jira."

"Na ce ka zauna, wuyana ba ya son in ɗaga kai ina magana."

Ya zauna a bakin benci, can ƙarshe.

"Ka ji abin da na ce ran nan."

"Kaya mai kyau kika saya mini. Har ƙarar cokalinki na ji." Ya ɗan yi murmushin da ba na daɗi ba. "Maganar yaron ba ta dame ni ba, ɗa ne, uwarsa yake karewa. In nawa ne haka zai yi. Taki ce ta zauna mini. Na ce to, tunda gadi ake, bari in sallami mai gadi ta huta."

Na kalli kuɗin. Ban taɓa mayar da biya ba a rayuwata, ko na 'yar'uwata uwa ɗaya uba ɗaya. Na san kuma in na ɗaga su daga tiren nan na sa a jaka, shi ke nan, mun rabu lafiya, ba wanda zai ce na ci nasa ko ya ci nawa.

Na jawo waya. Hoton Babba na nan na farko, na danna, na buɗe murya yadda kowa zai ji, na ajiye ta a kan tire kusa da kuɗin.

"Inna, lafiya? Ina cikin aiki."

"Lafiya lau. Ajiye biron ka saurara. Maganar da na faɗa maka a lambu, ƙarya na yi maka."

"Wace magana?"

"Ta gadin kuɗi. Ba kuɗi nake gadi ba. Mutumin nake so, kuma na daɗe. Ga shi nan zaune yana ji, wannan karon da sanina. In taro za ka tara, ka tara, falon ya ishe ku. Gidan kuma da sunana yake, ka fi kowa sani, kai ka kai takardun."

Ta wayar ina jin ƙarar na'urar ƙirga kuɗi a bayan Babba. Malam Tsirkiya ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa.

"Inna," in ji Babba a hankali, "kada ki je ko'ina. Ga ni nan zuwa."

"Ina zan je? Ka tuƙa a hankali."

Na kashe. Na tura ambulan ɗin gabansa da ɗan yatsa.

"Tashi ka mayar wa mai rediyo kuɗinsa tun bai ja mota ba. Su sauke Dattijo su mayar inda suka ɗauko shi. Kuɗin ƙartin kuma kai za ka biya, ba ni na kira su ba."

"Uwar gida, ba shi da amfani fa yanzu."

"Ni ma an ce ba ni da shi. A sauke."

Ya ɗauki ambulan ɗin, ya miƙe, ya kai bakin ƙofa. Ina jin sa yana ba mai rediyo haƙuri, mai rediyo yana faɗa, ƙarti suna cewa su dai a biya su hawa da sauka. Da ƙura ta lafa ya dawo ya zauna, wannan karon a tsakiyar benci, yana share zufa.

"To in ya iso," ya ce, "me zan ce masa?"

"Ka ce masa ana bin ka dubu sittin, kuma mai bashin ta ce ba ta sauri."

Bai kai ga amsawa ba muka ji hon a ƙofar gida.